Furen Yini Guda, Guzurin Shekara

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutane, cewa wai Bahaushe ba ruwansa da fure. Masu faɗin haka sukan kafa hujja da cewa ba a saba ganin saurayi ya tsinko fure ya kai gidan surukai ba, ba a kuwa kai shi kan kabari yadda waɗansu al'ummai ke yi, har ma in an ga abu mai kyan gani marar amfani sai a kira shi furen juda. Duk wannan haka yake, amma maganar ba ta ƙare nan ba. Wanda ya sami izni ya shiga ɗakin tsohuwa, ya buɗe kwallarta, ya kwance 'yan ƙulle-ƙullen da ke ciki, zai tarar da furanni iri iri, sai dai busassu ne, kuma ko wanne yana da wani suna da ya lulluɓe asalinsa.

Kanumfarin nan da ake dakawa cikin yaji, ake jefawa cikin kunu, fure ne da aka tsinke tun yana dunƙule bai kai ga buɗewa ba, aka shanya shi har ya yi duhu. Asalin itacensa tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunisiya, daga baya a ƙarni na 19 tsibiran Zanzibar da Pemba suka shahara da nomansa. Za'afaran kuma, wanda malamai ke yin rubutun sha da shi, 'yan zaruruwa ne guda uku da ke tsakiyar wani fure, sai an tsinke fure wajen 150,000 kafin a tara kilo guda, shi ya sa tsadarsa ta zama abin kwatance. Waɗannan baƙi ne, fatake suka kawo su. Na gida kuwa, wanda ya fi ko wanne shiga hannun mata, shi ne zoborodo. Watau dai Bahaushe ya san fure sarai, sai dai ya fi son wanda zai shiga tukunya, ko ya yi magani, ko ya ba da ƙanshi. Ya kuma gane tun zamanin kakanni cewa fure ba ya ajiyuwa sai an raba shi da ruwan jikinsa.

A cikin tsohon birnin Bauchi, wanda Malam Yakubu, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa ya kewaye da ganuwa a farkon ƙarni na 19, akwai wata dattijuwa a wani lungu da ba shi da nisa da Ƙofar Wunti. Babba da yaro a unguwar, Inna suke ce mata. Mutuniyar ƙasar Katagum ce, aka kawo ta Bauchi tana amarya a 1976, shekarar da garin ya zama hedkwatar sabuwar jiha. Cikin kayan da ta zo da su har da wani ɗan ƙulli na irin yakuwa, wanda mahaifiyarta ta cusa mata a ƙasan adudu tana cewa, "Duk inda kika sauka, ki watsa wannan a bayan ɗaki. Macen da ke da yakuwa ba ta rasa miya."

Shekara da shekaru yakuwar nan ba ta wuce abin miya ba. Sai da mai gidan ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya biyar, babbansu bai gama sakandare ba, sa'an nan ta zama abin dogaro. Da Inna ta fita takaba ta duba abin da ke hannunta, ba jari, ba keken ɗinki, ba saniya, sai akuya guda da wani ɗan yankin gona a bayan gari ta wajen hanyar Dass, wanda dangin miji suka bar wa marayu. Aka shuka dawa a tsakiya, ita kuwa ta bi gefe da kan iyaka ta zuba yakuwa, kamar yadda matan karkara suka saba. Daga gefen gonar nan aka fitar da kuɗin makaranta, da na asibiti, da kayan ɗakin 'yan mata uku.

Mai karatun da bai taɓa tsayawa a kan yakuwa da safe ba, ya kamata ya san yadda abin yake. Idan damina ta fara ja da baya, yini ya soma gajarta, wajen watan Satumba da Oktoba, sai yakuwa ta shiga fure. Furen nan fari ne mai sirkin ruwan ɗorawa, da jan ido a tsakiya. Da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi, kashegari ya faɗi. Iyakar rayuwarsa ke nan, yini guda. Amma ɗan ƙoƙon da ke tallafe da shi daga ƙasa ba ya faɗuwa. Shi ne zai yi ta kumbura yana ƙara ja, yana rungume da ƙwallon 'ya'ya, har bayan mako biyu ko uku ya isa tsinka. Wannan ƙoƙon shi ne zoborodo. Ganye ya tafi miya da fate, 'ya'yan, watau gurguzu, a yi daddawar batso da su, ƙoƙon furen kuma a shanya. Ba abin yarwa a jikin yakuwa.

Inna takan ce aikin zoborodo sani uku ne: sanin ranar tsinka, da sanin wurin shanya, da sanin ranar kwashewa. In an yi gaggawar tsinka, ƙoƙon bai yi nama ba, da ya bushe sai ya koma kamar ɓawon albasa. In an yi jinkiri, ya tsufa a jikin kara, ya yi tauri, launi ya dushe. Ba a kuwa tsinka da raɓa, sai rana ta ɗaga. Daga gona sai a zauna ɓara, a raba ƙoƙo da ƙwallo, ko dai da 'yar wuƙa, ko da guntun bututun ƙarfe irin sandar tsohuwar lema, wanda ake turawa ta gindi, ƙwallon ya fice, ƙoƙon ya tsira sumul bai yage ba. Aiki ne mai cin rai, gama jikin ƙwallon yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi, ga tsami da ke cin yatsu har su tsattsage. Duk da haka ba a barin wanda aka ɓare ya kwana a tsibe, don kuwa zai yi gumi ya soma lalacewa tun kafin ya ga rana.

Shanyar Inna ba ta taɓa ƙasa. Rumfa ce ta kara, tsayinta iyaka ƙugu, a shimfiɗa asabari ko sabuwar tabarma a kai, a baza zoborodo kada wani ya hau wani, iska na shiga ta sama da ta ƙasa. Akan juya shi sau biyu a yini, a kwashe kafin magariba don kada raɓa ta sauka a kai. In kuwa hunturu ya taso da ƙura, a rufa masa yadi marar kauri. A nan fa Allah Ya yi wa Bauchi gata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da ke busowa daga hamada ba ta ɗauke da laima, tana tsotse ruwa daga duk abin da ta taɓa, tun daga leɓen mutum har ganyen itace. Abin da mutanen ƙasashen sanyi ke kashe kuɗi su sayi na'ura domin su samu, a nan kyauta ne. Ɗanyen zoborodo fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, saboda haka kayan da ƙato zai yi nishi kafin ya ɗauka, in sun bushe yarinya ma sai ta sungume su. Cikin kwana huɗu zuwa mako guda an gama. Inna dai ba ta ƙidayar kwanaki, kunne take sawa. Ta damƙi cikin tafi ta matse, in ya yi ƙaras-ƙaras ya kakkarye, to ya yi. In ya lanƙwashe shiru, sai a mai da shi rumfa.

Game da launi kuwa, abin da ta sani da hannu, masana sun tabbatar da shi a ɗakin bincike. Jan zoborodo wani sinadari ne da suke kira antosayanin, wanda zafi mai tsanani da daɗewa cikin haske ke kashewa. Shi ya sa wanda aka shanya a kan rufin kwano ko a bakin kwalta yake yin baƙi, shi ya sa kuma ba a barinsa a rana bayan ya bushe. Tsami ne ke riƙe da jan nan, in an ɗiga lemon tsami a ruwansa sai ya ƙara haske, in an jefa kanwa sai ya juya ya yi duhu. Likitoci ma sun gwada, sun ga shan ruwan zoborodo yana ɗan sassauta hawan jini, ko da yake bai isa ya sa mutum ya aje maganin asibiti ba.

Sani na uku, watau na ranar kwashewa, da tsada Inna ta saye shi. Wata shekara, tun yaran suna ƙanana, wani ɗan kasuwa ya ba ta kuɗi tun kaya na gona, a kan za ta kawo masa buhu huɗu. A shekarar kuwa ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa, hadari ya yi ta haɗuwa har ƙarshen Oktoba, shanya ta ƙi ci. Ranar alkawari ta matso, aka ɗura kaya da sauran laima a jikinsu. Bayan kwana goma da aka kwance bakin buhunan, sai wari ya bugo daga biyu, fumfuna ta yi fari fat a ciki. Wata maƙwabciya da ta girme ta ta shigo jaje, ta ja ta gefe ta ce, "Ke kuwa baiwar Allah, sake baza shi a rana ki kakkaɓe, ki gauraya da mai kyau. Wa zai gane? Marayu gare ki fa." Inna ta yi shiru, can ta nisa ta ce, "Yaya, wanda zai sha ma ɗan wani ne."

Ta sa aka kai buhunan nan biyu juji aka cinna musu wuta, ta sayar da akuyarta da ciki, ta mayar wa mutumin da rabin kuɗinsa. Wannan rani an ji jiki a gidan, akwai ranakun da tukunya ba ta hau murhu ba sai da dare. Amma ɗan kasuwar bai yi shiru ba, ya ba da labari a cikin abokan cinikinsa, har ya zamana in an ce kayan Inna ne ba a kwance buhu a duba. Ita kuma tun daga ranar ba ta ƙara karɓar kuɗin kayan da ba su sauka daga rumfa ba.

Abin da ya sami Inna a buhu biyu, ya sami ƙasa baki ɗaya a manyan sundukai. Zoborodo yanzu haja ce ta duniya. A Misra da Sudan ana kiran ruwansa karkade, a Senegal bisap, a Gana sobolo. Mutanen Meziko kuwa, can ƙetaren teku, suna shansa yau da kullum, har abin da suke nomawa ba ya isarsu sai sun sayo daga waje. Nijeriya na cikin manyan masu sayar musu, Jihar Jigawa ce kan gaba wajen noma, kaya na bi ta kasuwannin Maigatari da Dawanau su gangara tashar jiragen ruwa ta Ikko. To, a 2018 cinikin nan da Meziko a tsaye yake cik, saboda ƙwaron ajiya da aka samu cikin kayan, aka kuwa ɗauki 'yan shekaru ana gyara kafin a sake buɗe ƙofa. Manoma da matan ƙauye masu ɓara, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su suka fi jin abin. Ashe tsabtar rumfa da ta rumbu ba ƙaramar magana ba ce.

Ba zoborodo kaɗai ke ratsa hannun Inna ba, sai dai sauran furannin ba su son rana. Ƙa'idarta ita ce, na tukunya a rana, na ƙanshi a inuwa. Furen lalle, ƙananan nan farare da ƙanshinsu ke cika tsakar gida, takan yanko shi da reshensa, ta ɗaure kaɗan kaɗan da zare, ta rataye a zaure kai a ƙasa, inda iska ke ratsawa rana ba ta kaiwa. Ratayewa kai a ƙasa ita ke sa reshe ya bushe a miƙe, furen bai sunkuya ba. Inuwar kuma dalilinta shi ne, ƙanshin fure wani mai ne marar nauyi, wanda zafi ke kora ya bi iska. In ya bushe sai ta marmashe shi cikin haɗin turaren wuta tare da jema da kajiji, ko ta ƙulla a tsumma ta sa cikin akwatin tufafi. Furen zogale a kan faifai take baza shi cikin ɗaki, a riƙa dafawa kamar shayi. Akwai kuma gurjiya, itacen dajin nan da ke zubar da ganye da hunturu, ya rage jan fure kaɗai kamar an cinna masa wuta. Ƙoƙon furenta akan busar, a daka, a yi miya mai yauƙi. Inna ba ta sayen na wanda ya sassare rassa don ya kwashe fure duka, gama ta ce itacen da aka hana wa 'ya'ya ba zai bar baya ba.

Ajiya ma da nata hukunci. Ba a rufe busasshen fure da ɗumin rana a jikinsa, sai ya huce. Mai yawa a buhu, a ɗora kan katako nesa da bango saboda gara. Kaɗan kuwa a tulu ko kwalba mai murfi, a jefa busasshen ganyen dogon yaro da 'yan ƙwayoyin kanumfari don korar ƙwari. Watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Bauchi, har gishiri ke yin laushi a cikin gwangwani, shi ne watan tsoro. Duk ranar da gari ya washe a cikinsa, sai an fito da kaya an sha musu iska.

Ana nan ana nan, sai jikarta ta wajen babban ɗanta, wadda take tsokana da sunan kishiya, ta sami shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 aka kuma sa mata sunan marigayi Firayim Minista a 1988. Ilmin tsirrai take karantawa. Wata ranar Asabar ta dawo gida da tulin tsofaffin jaridu, da falankin katako biyu, da furanni cike da jaka, ta zauna a tsakar gida tana jera su tsakanin takardu. Inna ta daɗe tana kallonta.

"Ke kishiya, wannan wace irin shanya ce a cikin takarda? Miyar takarda za ki yi wa mijin namu?"

"Inna, aikin makaranta ne. An ce kowa ya kawo tsiro ashirin, a danne, a busar, a rubuta sunansa."

"To, mene ne sunan wannan da ke hannunki?"

Yarinya ta duba littafi, ta karanto wani dogon suna na Latin. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Rai-ɗore ne fa, 'yar nan. Ga shi can a bayan ɗaki. Da shi aka yi wa babanki wanka sa'ad da zazzaɓi ya kama shi yana goye."

Cikin ashirin ɗin nan, shida kaɗai yarinyar ta san sunansu na Hausa. Inna ta san duka, da watan da suke fure, da irin ƙasar da suke so, da abin da ake yi da su. Ba ta tsaya nan ba, har aikin ta gyara mata. Ta hana ta danne wanda aka tsinko da raɓa, ta sa ta tsaga masu kauri gida biyu, ta ce a riƙa sauya takarda kullum har kwana uku ko huɗu na farko, "in ba haka ba, fumfuna za ki kai wa malaminku." Da katakon ya ƙi dannuwa, aka ɗora masa tsohon dutsen niƙan da injin markaɗe ya daɗe da kora bayan ɗaki. Bayan mako biyu aka ɗaga dutse, sai ga furanni shafal kamar zane, aka manna su a farar takarda da narkakken ƙaro, irin wanda almajirai ke sa wa tawada.

Ita wannan dabara ta danne tsiro a takarda tsohuwa ce. Wani malamin likitanci na ƙasar Italiya, Luca Ghini, wanda ya rasu a 1556, shi ake danganta wa soma ta, don ɗalibansa su ga tsirrai ko da a lokacin sanyi ne da ba a samun ɗanye. A yau ma'ajiyar tsirrai ta Kew da ke London tana riƙe da irin waɗannan takardu kimanin miliyan 7. Cikinsu kuwa akwai waɗanda aka tsinko a ƙasar Katagum, mahaifar Inna, a farkon ƙarni na 20. Wani likita, J. M. Dalziel, shi ya tara su sa'ad da yake aiki a Arewa, shi ne kuma ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa mai suna A Hausa Botanical Vocabulary a 1916. Sunayen da ke cikin littafin nan daga bakin mutanen ƙasa ya ji su, irin su kakannin Inna. Busasshen fure kuwa, in ya sami wuri marar laima, daɗewarsa ta wuce tsammani. Da aka gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Misra a 1922, an tarar da furannin da aka saƙa aka ɗora a kan akwatin gawarsa, bayan shekara fiye da 3,000, har masana suka iya gane irinsu.

Da aikin makaranta ya ƙare, yarinyar ba ta daina ba. Ta sayi babban littafi, ta ce sai ta danne duk furen da Inna ta san sunansa. Gonar hanyar Dass an daɗe da sayar da ita, tun da aka raba gado, Inna ta koma sayen ɗanyen zoborodo daga matan ƙauye, rabonta da wurin shekaru ne. Da damina ta kankama suka ɗauki keke mai ƙafa uku suka nufi can. Inna ba ta gane wurin ba. Inda ta bar dawa, gidajen bulo ne da shaguna. Kududdufin da yara ke tsinkar furen bado an cike shi an yi gini a kai. Ɗorawar da ake hutawa a gindinta, ko kututturenta babu. Sai da suka nausa gaba sosai, har gindin duwatsu, kafin su fara cika jaka. Inna ta yi shiru a hanyar dawowa, da suka kusa gida ta ce, "Yi sauri da littafin nan naki, kishiya. Daji na gudu, ni ma ina bin bayansa."

Littafin ya yi kauri yanzu. Ga tafasa da filasko da marga masu ruwan ɗorawa, ga yaryaɗi, ga kalgo, ga ƙuduji mai kyan ɗan maciji, wanda ke tsotse dawa ta saiwa. A ƙarƙashin ko wanne an rubuta suna, da wurin da aka samo shi, da watan, da abin da Inna ta faɗa. A shafin tumfafiya an rubuta cewa nononta na cutar da ido. A shafin zaƙami an ja layi biyu da jar tawada, an ce guba ne, kada a bar yara kusa da shi, ɗanye ko busasshe. Waɗansu shafuffuka kuwa har yanzu farare ne, suna kaɗai ke ƙasa, ba a sami furen ba tukuna.

Daga littafin nan ne wata 'yar sana'a ta tsiro. Wata ƙawar yarinyar da za a yi wa aure ta ga shafin furen yakuwa, ta roƙa a sa mata irinsa cikin gilashi ta rataya a ɗakinta. Waɗanda suka je ganin ɗaki suka yi ta tambaya. Yanzu yarinyar tana yin allunan ado na bango da katunan gayyatar biki. In ana son fure ya tsaya da siffarsa bai baje ba, sai ta binne shi. Akan samo rairayin rafi, a wanke, a busar, a tankaɗe da rariya, a zuba kaɗan a ƙwarya, a zaunar da fure yana kallon sama, sa'an nan a riƙa zuba rairayi sannu sannu ta gefe har ya rufe. Bayan mako ɗaya ko biyu a karkata ƙwarya a hankali, a kakkaɓe da gashin kaza. 'Yan ƙwayoyin silika da akan samu a ƙulle cikin kwalin sabon takalmi su ma aikinsu ke nan, tsotsar laima, sun kuma fi rairayi sauri.

Ba a ce sana'ar ba ta da kishiya ba. Kasuwar Wunti cike take da fulawar roba, ga araha, ga ta ba ruwanta da laima ko gara. Busasshen fure kuwa launinsa na dushewa a hankali, balle in rana na dukan bangon da aka rataye shi. Inna ta kafa wa jikarta sharaɗi, cewa duk mai saye sai an gaya masa wannan tun kafin ya miƙo kuɗi. Waɗansu sukan fasa, waɗansu kuwa sukan ce sun ji sun gani, gama fulawar roba ba ta san hanyar ƙauyensu ba, wannan kuwa irin wanda ke bayan ɗakin uwarsu ne. Abin da ake samu bai kai a yi fariya ba, amma ya ɗauke wa babanta kuɗin mota da na takardu.

Ko wane gari na ƙasar Hausa yana da irin Inna, ko wace unguwa ma. Sana'arsu ba ta neman jari sai rana da iska da 'yar rumfa, mace na iya yinta tana cikin gidanta, ta ci, ta sayar, ta yi kyauta. Abin da ke da wuyar samu shi ne sanin da ke cikin kawunansu, wanda ba a rubuce yake ba, ga shi kuwa gine-gine na cinye wuraren da ake nuna wa yaro tsiro a ce masa ga sunansa. Makarantun firamare da na sakandare, da cibiyoyin koya wa mata sana'a, ba su bukatar komai don su fara illa tsofaffin jaridu da dutse mai nauyi, da tsohuwa guda da za a zaunar a kan tabarma a girmama ta, a yi mata tambaya. Idon Inna ya soma rauni, yanzu da yatsa da hanci take gane fure, amma har yau ba ta taɓa ɓata suna ba. Sauran shafuffukan da ke farare suna jiran damina mai zuwa. Allah Ya kai rai, Ya sa a cika su tana da ƙarfin gyara wa mai rubutu, amin.